Muna da Volta, amma ruwan Nijar muke ci

Buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50, irin wanda ake jibgewa a shagunan Adum da Kejetia, kafin ya zama buhu ya sha ruwa wajen lita 125,000 a gona. Lissafin ba wuya. Masana harkar ruwa sun ƙiyasta cewa kilo ɗaya na shinkafa yana cin kusan lita 2,500 daga shuka zuwa girbi, sai ka ninka sau 50. In kana so ka ga girman abun da idonka, ɗauki jarkan nan rawaya da muke ce ma Kufuor galan mai lita 25, to guda 5,000 kenan. Buhu ɗaya fa. Kuma kowa ya san gidan biki ɗaya a Aboabo ko Sawaba zai iya tashi da buhu biyu uku tun kafin a kai amarya.

Wannan ruwan ba daga dam ɗin Barekese da Kumasi ke sha aka ɗebo shi ba, ba daga Volta ba. Fiye da rabin shinkafar da muke ci a Gana daga waje take zuwa, mafi yawa daga Biyetnam, sai Tailan da Indiya, wato ruwan kogin Mekong da na rijiyoyin wasu mutane da ba mu taɓa gani ba shi ne a cikin waakye ɗinmu na safe. Ruwan bai hau jirgi ba, can aka bar shi, shuka ta sha rana ta busar da saura. Amma dai an kashe shi ne saboda mu, kuma mu ba mu taɓa namu ba.

Wanda ya fara jawo hankalin duniya kan wannan lissafi wani Bature ne ɗan Ingila, Tony Allan, a farkon shekarun 1990. Ƙasashen Larabawa yake nazari, abun da ya ɗaure masa kai shi ne tun shekarun 1970 ruwan da yankin ke da shi ya daina isa ya ciyar da mutanensa, amma ga shi kullum ana cin burodi, kuma yaƙin ruwan da ake ta cewa zai ɓarke bai ɓarke ba. Sai ya gano amsar tana tashar jiragen ruwa. Duk tan ɗaya na alkama da ka sayo daga waje, ka huta da neman ruwa sama da tan 1,000, to gwamnatocin nan ba sai sun fito sun ce ma talakawansu ruwa ya ƙare ba, alkama kawai suke sayowa su yi shiru. A 2008 aka ba shi babbar lambar yabo ta ruwa a Stockholm saboda wannan aikin. Bayan shi wani ɗan Holan, Arjen Hoekstra, ya zo ya bi kayan abinci ɗaya bayan ɗaya yana auna ɓoyayyen ruwan da ke bayan kowanne, daga nan ne aka samu alƙaluman da ke yawo a intanet yanzu: kilo na naman sa wajen lita 15,000, na kaza sama da 4,000, na cakulan wajen 17,000, na tumatir ɗan sama da 200.

Toh daga nan ne nake rabuwa da mutane da yawa. Duk wanda ya fara jin waɗannan lambobi a nan ƙasar, abu na farko da yake kamawa shi ne koko, wanda hukumar koko ta Cocobod ke saya a kai Turai. Sai ka ji ana cewa kun gani ko, Turawa sun kwashe zinari sun kwashe katako yanzu ruwanmu ma suna shanyewa a cikin cakulan, shi ya sa pampo ba ya zuwa. Maganar tana da daɗin ji a majalisa, kuma lambar gaskiya ce, kilo ɗaya na 'ya'yan koko yana tafiya da ruwa kusan lita 20,000, mu kuma mu ne na biyu a duniya bayan Kodebuwa. Amma wane irin ruwa? Akwai wanda ya taɓa ganin manomin koko a Sefwi ko Tepa ko Goaso ya ja tiyo daga kogi yana ba gonarsa ruwa duk shekara? Kusan duka ruwan sama ne. Ya sauka a kurmi, ƙasa ta riƙe, itace ya sha. Da babu koko a wurin, da itatuwan dawa ne za su sha shi, ƙila ma fiye da haka. Ko a sare duk itacen koko na Ashanti gobe, ɗigo ɗaya ba zai ƙaru a pampon Akwatia Line ba. Goro ma haka ne, kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗaukar shi daga Gwanja zuwa Kano da Sakkwato a kan jakuna, ruwan saman kurmin Ashanti suke kai wa arewa a cikin huhu, babu kogin da ya ƙafe saboda haka.

Abun mamaki, mu da muka yi makarantar allo mun riga mun san wannan bambancin, mantawa muke yi. A babin zakka, amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fidda ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da guga ko da wahalar jawo ruwa ana fidda rabin haka, ɗaya cikin ashirin. Dalilin malamai shi ne wahala da tsadar da manomi ya sha, ba wai maganar ƙarancin ruwa ba, amma dai shari'a ba ta taɓa ɗaukar ruwan da ya sauko da kansa daidai da ruwan da aka jawo ba. Masana ruwa ma a nan suka tsaya daga ƙarshe. Suka ce a ware ruwan sama da ƙasa ke riƙewa daban, a ware wanda ake ɗebowa daga kogi, dam da ƙarƙashin ƙasa daban, sannan a ware na uku, wanda ba a sha ba amma an ɓata shi da dauɗa da guba har ya zama ba mai iya amfani da shi. Na biyun da na ukun su ne suke hana mutane sha.

Shi ya sa lita 15,000 ɗin nan na naman sa ba ta tsorata ni in dai sanmu ne. San da aka yi kiwonsa a Turai ko Amurka da masara da waken soya na ban-ruwa daban, san Bafulatani da ya taso daga Mali ko Burkina yana cin ciyawar da damina ta fitar a ƙasar da ko gero da kyar take yi daban. Wannan ciyawar in sa bai ci ba wutar daji ce za ta ci. Duk wanda ya zo da takardar Turawa ya ce ma mahautan Kumasi su ne masu ƙarar da ruwan duniya, bai karanta takardar har ƙarshe ba.

Inda lissafin yake cizo da gaske shi ne inda ake jawo ruwa a yi noman sayarwa a ƙasar da ba ta da shi. Tafkin Aral a tsakiyar Asiya ya taɓa zama na huɗu a girma a duniya, daga shekarun 1960 gwamnatin Sobiyet ta karkatar da koguna biyun da ke cika shi, Amu Darya da Syr Darya, zuwa gonakin auduga, yau yawancinsa rairayi ne da gishiri da tsofaffin jiragen kamun kifi a zaune a kan tudu. Saudiyya, wadda alhazanmu suka fi sani, a shekarun 1980 ta ce ita ma sai ta ci da kanta, ta zuba kuɗin mai ta haƙa rijiyoyi masu zurfin gaske a hamada ta noma alkama har ta kai tana sayar wa waje. Ruwan da take jawowa kuwa tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru, ba ya dawowa. A 2008 suka gane inda aka dosa, suka fara janyewa a hankali har zuwa 2016, suka koma sayen alkama. Ba su tsaya nan ba, kamfanin madararsu Almarai ya je ya kama gonaki a jihar Arizona ta Amurka yana noma ciyawar shanu da ruwan rijiyar can yana turowa gida, har mutanen wurin suka yi ta ƙorafi, a 2023 gwamnatin jihar ta soke wasu daga cikin hayar filayen. Ka ga mai kuɗi kenan, da ya ga rijiyarsa za ta ƙafe sai ya je ya sha ta wani.

Indiya ta fi shafar mu kai tsaye. Ita ce ta fi kowa sayar da shinkafa a duniya, wajen kashi 40 cikin 100 na abun da ke shiga kasuwar duniya nata ne. A jihar Punjab, inda asali ma alkama ce abincin mutanen, an cika ko'ina da shinkafa ana shayar da ita da bohol, gwamnati kuma tana ba manoma wutar lantarki kyauta su ja ruwa, to wa zai kashe inji? Kullum ruwan ƙasa yana ƙara nisa, manomi yana ƙara zurfin rijiya yana ƙara cin bashi, har a 2009 sai da jihar ta yi dokar hana dasa shinkafa da wuri kafin damina ta kusa. Mu Hausawa muna cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, to a Punjab an tona, kuma ana ganin ƙarshensa. Biyetnam da muka fi dogara da ita ita ma tana da nata ciwon, madatsun da Sin da Laos suka gina a saman Mekong da kuma hawan teku sun sa ruwan gishiri yana kutsowa cikin gonakin shinkafa da rani, a 2016 da 2020 ya yi ɓarna sosai. Kuma duk ranar da mai sayarwa ya ji tsoro, kansa zai fara dubawa. A watan Yulin 2023 Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, farashin duniya ya hau inda bai kai ba cikin sama da shekara 10, mu da sidi ke faɗuwa dama a lokacin sai abun ya zame mana biyu. Hajiyoyin da ke sayar da abinci a bakin titi ba su san Punjab ba amma sun rage cokali.

Duk da haka shinkafar Asiya ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Abun da ya fi damuna yana nan kusa, a kasuwar albasa ta Kwadaso, da Adjen Kotoku inda aka mayar da 'yan albasar Agbogbloshie a 2021. Manyan lorin da ke sauke buhuna a can daga ina suke? Yawanci daga Nijar. Albasar Galmi da ta yankin Agadas. Kumasi tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, ƙasar Galmi ba ta samun ko rabin haka, Agadas kuwa hamada ce, ko 200 ba ta kaiwa. Kuma albasar nan noman rani ce, da inji ake jawo ruwa daga rijiya da fadama a shayar da ita. Tumatir ma haka, da zarar rani ya shiga matan kasuwarmu sai su hau lori su nufi Burkina, su tsallaka Paga su shiga ƙauyukan da ke noma a bakin ƙananan dam-dam, da duk haɗarin hanya da na 'yan bindiga da ke can yanzu. Tumatirin gwangwani kuma da yawansa asalin markaɗen daga Sin yake, daga yankin Xinjiang wanda shi ma busasshiyar ƙasa ce da ake noma da ban-ruwa. Wato miyar da ake yi a gidan da ke kurmi, inda ruwan sama ke cika kwata har ya shiga ɗakuna, da ruwan rijiyar mutanen hamada aka haɗa ta. A littafi, cinikin nan ana so ya gudana ne daga mai ruwa zuwa marar ruwa, kamar yadda Masar ke sayen alkama daga Rasha da Yukren don ta tanadi ruwan Nilu. Namu ya juya baya.

Kar wani ya ce na ce a daina sayen albasar Nijar. Allah ya kiyaye. 'Yan uwanmu ne ke nomawa, 'yan uwanmu ne ke dakonta, rabin masu sayarwa a Kwadaso da Hausa da Zabarmanci suke ciniki, kuma manomin Galmi da kuɗin albasar nan yake sayen gero ya aurar da 'ya'yansa. Albasa da tumatir ba su da ƙishi kamar shinkafa, kuma suna son rana da busasshiyar iska, a kurmi cuta ke kama su, wannan ma gaskiya ce. Sannan mutanen can sun fi mu iya aikin, a faɗi gaskiya. Amma Bawku fa? Navrongo fa? Iskarsu ɗaya da ta kudancin Burkina, albasar Bawku ja an san ta tun da daɗewa. Abun da ya bambanta mu da su ba ruwan sama ba ne, su sun ɗauki ɗan abun da suke samu da muhimmanci sun tare shi, mu namu ya yi mana yawa har mun raina shi. Kuma mun ga abun da dogaro ke jawowa, bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 da ECOWAS ta sa takunkumi aka rufe iyakar Benin, lorin albasa suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa, a nan kuma farashi ya tashi har ana yanka albasa ɗaya gida biyu.

Mu duba abun da muke da shi. Tafkin Volta yana cikin tafkunan da ɗan Adam ya yi mafi faɗi a duniya, wajen murabba'in kilomita 8,500, tun 1965 yake nan. Ruwan da ya juya injin wuta a Akosombo da Kpong ya gama aikinsa, sai ya gangara ya wuce ta gefen filayen Akra masu faɗi ya faɗa teku a Ada, abun da ake tarewa a yi noma da shi a Asutsuare da Aveyime ɗan kaɗan ne. A watan Oktoban 2023 da dam ɗin ya cika aka buɗe ƙofofi, Mepe da garuruwan da ke kusa suka nutse, dubun-dubatar mutane suka rasa matsuguni. A arewa kuma kusan kowace shekara in Burkina ta buɗe dam ɗin Bagre sai ruwa ya share gonakin da ke bakin Farin Volta, bayan wata uku huɗu wurin ya bushe ƙayau matasa su sauko Kumasi, mazan su ja aboboya matan su yi kayayo. Dam ɗin Pwalugu da aka ce shi zai tare wannan ruwan ya ba da wuta ya shayar da hekta dubbai, an yi bikin fara aikinsa a 2019 da kuɗi kusan dala biliyan 1 a takarda, ku je ku gani ko akwai dam. Shirin kowane ƙauye da dam ɗinsa kuwa, da yawansu ramuka ne da ke ƙafewa tun kafin rani ya yi tsakiya. Tono da Vea da Bontanga tsofaffin ayyuka ne na shekarun baya, su muke ta lallaɓawa. Masana'antar tumatir ta Pwalugu ma ta daɗe a kwance.

Sai Agustan 2024, ruwa ya ɗauke a arewa na makonni a tsakiyar damina, masara ta ƙone a tsaye, gwamnati ta fito ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa waje. Abun da muka zagi Indiya a kai shi muka yi wa maƙwabtanmu bayan shekara ɗaya. Dattawa da suka ga 1983, shekarar fari da gobarar daji da dawowar mutanenmu kusan miliyan 1 daga Najeriya, ba sai an yi musu bayanin abun da ake nufi da dogaro da sama kaɗai ba.

Yanzu ga inda ruwan Gana yake fita waje da gaske, kuma ba a buhun koko ba ne. A zinari ne. Mu ne kan gaba a Afirka wajen haƙar zinari, kuma wani babban kaso daga ƙananan masu haƙa yake fitowa, masu lasisi da 'yan galamse masu haƙa ba izini. Canfan, injin nan na tono da wanke zinari, yana zaune a tsakiyar kogi yana tonon ƙasa dare da rana, eskabeta tana cin gaɓa, ana wanke ƙasa ana zuba makuri, sinadarin nan mai guba da ke kama zinari, abun da ya rage ya bi ruwa. Pra, Ankobra, Birim, Tano, da Offin ɗinmu in ka gangara wajen Dunkwa, duk wanda ya bi hanyar Obuasi ko ta Takoradi ya leƙa ta tagar mota ya ga launinsu. A Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa da kansa ya fito ya ce a matatarsa ta Sekyere Hemang da ke ba Cape Coast da Elmina ruwa daga Pra, laka ta ninka abun da aka gina injinan su tace har sau 7, don haka ba zai iya ba mutane ruwan da suke buƙata ba. Wannan shi ne nau'i na ukun nan, ruwan da ba wanda ya sha amma ya tashi daga amfani. Zinarin ya tafi Dubai, Indiya, Suwizalan, ba a sa kuɗin kogin a cikin farashinsa ba, alhali kogin ne ya fi zinarin tsada in za a yi lissafi na gaskiya. Koko ruwan sama ya ara, baɗi wani zai sauko. Kogin da makuri ya kwanta a ƙasansa kuwa, jikokinmu ma za su same shi a wurin.

Kuma shi kansa kokon da ake zargi, galamse na cinye shi. Ana sayen gona a hannun manomi a sare itatuwa a tona rami. A kakar 2020/21 mun haura tan miliyan 1, zuwa 2023/24 abun ya faɗo wajen rabin haka, cutar kumburin reshe da sauyin yanayi da fasa-ƙwauri duk suna ciki, amma haƙar zinari ma tana ciki. Wato muna sare abun da ke kawo dala da ruwan sama kyauta, muna maye gurbinsa da abun da ke kawo dala ta hanyar kashe kogi. Na san samarinmu na zongo da yawa suna can ramukan, na san ba don daɗi suka je ba, aiki ne babu. Ba su ne suka sayi eskabeta ba dai, wannan kowa ya sani.

To shi pampon Aboabo da Asawase da Moshie Zongo da ke yin kwanaki bai zo ba fa, laifin wa? Ba na mai shan cakulan a Jamus ba ne. Kumasi da Barekese da Owabi take sha, Owabi tun zamanin Turawan mulki aka gina shi, garin kuma ya ninka kansa ba adadi tun lokacin. An ci dajin da ke kare dam-dam ɗin da gine-gine da gonaki, yashi da robobi sun cike Owabi, bututu sun tsufa suna zuba a hanya, ga haɗin sata, ga wuta da ke ɗaukewa injin ya tsaya. Mu kanmu dubi abun da muka mayar da rafin Pelele da Subin. Kuma a ƙasan waɗannan rafukan akwai masu lambu da ke ɗiban ruwan suna shayar da latas da kabeji da albasa mai ganye, washegari su dawo mana da su kasuwa mu sa a kan waakye. Ƙarancin ruwan garin nan na rashin kula ne da rashin gyara, shi ya sa mai kuɗi ya haƙa bohol, talaka ya sayi piya wata da galan, kuma shi talakan ne ke biyan lita ɗaya da tsada fiye da mai pampo a gida.

Saboda haka in na ji ana kiran a ci shinkafar gida, ina goyon baya, ni ma ina sayen ta Fumbisi da ta Aveyime in na samu wadda aka tsince da kyau. Amma kiran shi kaɗai ba ya shayar da gona. In da gaske za mu noma duk abun da muke sayowa, to duk lita 125,000 ɗin nan na kowane buhu sai mun samo ta a nan, kuma ta zama mai tsabta, a lokacin da shuka ke so ba lokacin da Bagre ta ga dama ba. A kwarin Fumbisi da Nasia damina na iya ɗaukar nauyin yawanci, a filayen Akra Volta na iya ɗauka, wannan ruwa ne da muke da shi har ya yi yawa. Wanda ba zan goyi baya ba shi ne a zo a ce za a cika arewa da bohol a yi shinkafar rani da ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ƙauyuka ke sha, don kawai ɗan siyasa ya samu abun faɗa a kamfen. Punjab ta riga ta gwada mana. Alkama kuwa mu ci gaba da saya ba kunya, ƙasarmu ba ta yin ta, kuma ba kowane abu ne sai ka noma da kanka ba.

Muna da hukumar kula da albarkatun ruwa tun 1996, ita ke ba da izinin ɗiban ruwa daga koguna. Muna cikin hukumar kogin Volta tare da Burkina, Togo, Benin, Mali da Kodebuwa. Takardu da ofisoshi ba su ne suka yi mana kaɗan ba. Abun da nake so in gani shi ne duk mai zuwa neman fili a bakin kogi don ya noma ayaba ko abarba ko rake ya kai waje, a tambaye shi lita nawa zai ja da rani, daga ina, su wa ke sha a ƙasansa, kuma a buga amsar kowa ya gani. A wajen Asutsuare inda ruwan ke kan hanyarsa ta zuwa teku, bismilla, a noma a sayar a kawo dala. A kan Densu da Akra ke sha ta Weija, ko saman Offin da ke cika Barekese, a nan sai an yi taka-tsantsan. Sannan kuɗin da za a sake zubawa a wani sabon shiri mai sabon suna da sabbin riguna, a fara kai shi Tono da Vea a gyara magudanai, a sama wa manoman Bawku da Navrongo iri mai kyau da rumbun ajiyar albasa da mai saye tabbatacce, don matsalarsu ta kullum ita ce kowa ya girbe lokaci ɗaya farashi ya faɗi kaya su ruɓe, shekara mai zuwa su ƙi nomawa. Kafin duk wannan kuma a fitar da canfan daga cikin Pra da Offin, a bi sawun masu shigo da eskabeta ta tashar Tema da masu ba su fili, ba yaran da ke cikin rami kaɗai ba, don manomin shinkafa a kwarin Pra ba zai iya shayar da gona da wancan ruwan ba ko an ba shi taki kyauta.